Neman Teku da Inuwa a Birnin Ikko

Shekara shida na yi ina zaune a Agege kafin ƙafata ta taɓa rairayin bakin teku, kuma ba don ƙanen mahaifiyata ya zo daga Funtuwa ya kunyata ni ba, da wataƙila har yau ban je ba. Ya sauka a wurina da niyyar yin kwana goma, kuma tun a daren farko, bayan mun ci abinci, ya dube ni ya ce, “To, yaushe za ka kai ni in ga tekun nan da ake faɗi?” Na ce masa, “Wallahi Kawu, ni ma daga kan gada nake hango shi.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce ashe ana zama a bakin rijiya a kwana da ƙishirwa. Abin da ya ƙara ba ni kunya daga baya shi ne, ruwan da na shekara shida ina hange daga kan gadar ma ba teku ba ne.

Ba ni kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 da Alaba Rago akwai 'yan'uwanmu da suka haifi 'ya'ya a Ikko har suka aurar da su, amma saninsu da ruwan garin bai wuce ambaliyar damina da ke shigar musu shaguna ba. Neman abinci ne ya kawo mu, cunkoson motoci kuwa yana iya cinye wa mutum rabin yini a tafiyar da ba ta fi kilomita talatin ba, don haka ranar hutu kowa yakan gwammace ya miƙe ƙafa a gida. Sai dai akwai wani dalilin da ban gane ba sai da na fara yawon: wuraren shan iska na Legas ragowa ne, wato abin da siminti bai riga ya cinye ba tukuna, kuma kusan kowanne da ƙofa da mai karɓar kuɗi a bakinsa.

Ruwan Legas iri biyu ne, kuma baƙo yakan ruɗe a tsakaninsu. Wanda ake gani daga kan gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kai kilomita 11.8 aka kuma buɗe ta a 1990, babban tafki ne mai kwanciya, wanda koguna irin su Ogun ke zuba a cikinsa, ruwan gishiri kuma yana shigo masa ta mashiga guda. Saboda irin waɗannan tafkuna ne Turawan Fotugal suka kira wurin Lagos, wato tafkuna a harshensu, alhali masu garin suna ce masa Eko, wanda ya zama Ikko a bakinmu. A gefen tafkin ne unguwar Makoko take, inda masunta suka kafa gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, kwalekwale kuma shi ne takalmin kowa. Tekun Atilantika na ainihi yana can kudu, a bayan tsibirin Victoria da zirin ƙasar Lekki, kuma mutum yana iya yini a cikin gari bai ji ƙarar igiyarsa ba.

Wurin da Kawu ya san sunansa tun daga gida shi ne Bar Beach, domin a zamanin samartakarsa, cikin shekarun 1970, nan ne gwamnatin soja ke harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kuma labarin Ishola Oyenusi da aka harbe a 1971 ya kai har majalisun hira na Arewa. Na kai shi titin Ahmadu Bello da ke tsibirin Victoria don ya gani, sai muka tarar babu abin gani, saboda Bar Beach ba ya nan. Labarin ɓacewarsa ya daɗe da somawa. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki sun gina dogayen katangun duwatsu da suka kutsa cikin teku a mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Igiyar ruwa a wannan gaɓa kuwa daga yamma take tura yashi zuwa gabas, saboda haka da katangun suka tare shi, sai ya riƙa taruwa a yammacin mashigar, gabas kuma teku ya riƙa zaizayarta ba tare da mayar da abin da ya ɗauka ba. Haka aka yi ta tafiya har ruwa ya fara haurowa kan titi yana shiga gine-gine. Maganin da aka yi, daga wajajen 2008, shi ne a haƙo yashi daga cikin teku a cike wurin, a tsare shi da katangar duwatsu da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5, a kuma gina sabuwar unguwar masu hali a kai, wadda ake kira Eko Atlantic. An tsare tsibirin daga ambaliya, wannan gaskiya ne, amma bakin tekun da talaka ke zuwa kyauta ya zauna ya ci gyaɗarsa ya tafi ke nan.

Katangun nan da suka jawo wa Bar Beach halaka su ne kuma suka haifi Tarkwa Bay, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da wanda bai taɓa shiga ruwan teku ba. Wani lungu ne a yammacin mashigar, wanda duwatsun suka kare daga manyan igiyoyi, har ruwansa ya zama mai sauƙin kai. Ba a zuwa da mota; sai a jirgin ruwa mai inji daga Marina ko tsibirin Victoria, tafiyar kimanin minti ashirin, kuma doka ce kowane fasinja ya sa rigar da ke hana nutsewa. Kawu ya karɓi tasa ya ɗaure ta tamau, ya kama bencin da hannu biyu, bakinsa bai daina motsi ba har muka sauka. Abin da ya fi burge shi ba wanka ba ne, don ko wandonsa bai naɗe ba a ranar. Manyan jiragen dakon kaya ne da ke wucewa dab da mu za su shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, kowanne kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan ruwa. Wanda ya ɗan taka zuwa bayan lungun zai iske doguwar gaɓar da ake kira da sunan tsohuwar hasumiyar fitila mai nuna wa jirage hanya, wadda ke tsaye a can tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a nan igiya ba ta da wasa ko kaɗan. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai a yankin, dubban mutane suka rasa matsuguni, kuma duk wanda ya san wurin kafin lokacin zai ga bambanci idan ya koma.

A gabas, bin zirin Lekki, akwai wuraren shan iska na bakin teku irin su Oniru da Elegushi da Alpha da Eleko da wasu da dama, kuma a nan zan taƙaita, domin kusan halinsu ɗaya. Ana biyan kuɗin shiga, a biya na ajiye mota, a biya na rumfa da kujera, kuma daga la'asar ta ranar Lahadi kiɗa yakan rufe ƙarar tekun gaba ɗaya. Mai son ya je da iyali ya tafi da hantsi a tsakiyar mako, kuma duk nisan da ya ƙara daga gari, natsuwa ce ya ƙara. Masu dawakin da ke ɗaukar mutane a bakin ruwa da masu tsire da yawansu yaranmu ne, don haka ciniki da Hausa ake yi. Abu ɗaya da ba zan gaji da faɗi ba shi ne, wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam kada ya ɗauka ya iya teku. Akwai wani ja da ruwa ke yi ta ƙasa idan igiya za ta koma, wanda ke zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa ya tafi da mutum, kuma ana rasa rayuka a gaɓar nan ta wannan hanya. Su ma waɗannan wurare ba su da tabbas, domin a 2024 an rushe sashen wurin shan iska na Landmark da ke Oniru don a ba da hanya ga sabon titin gaɓar teku da aka ce zai tashi daga Legas ya dangana da Kalaba.

Inda na fi komawa, har na daina ƙirga zuwana, shi ne gandun dajin Lekki, wanda ke kan babban titin Lekki zuwa Epe. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafa ta a 1980, ita ta keɓe wurin a 1990, da taimakon kamfanin mai na Chevron, kuma faɗinsa hekta 78 ne. A lokacin da aka keɓe shi kusan duk zirin Lekki haka yake, fadama ce da kurmi da ƙauyukan masunta. Yau rukunin gidaje da manyan kantuna sun kewaye shi ta ko'ina, ta yadda shiga cikinsa kamar buɗe wani tsohon akwati ne a ga yadda ƙasar take kafin a cike ta da yashi. Da mutum ya bar ƙofa ya hau doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a kan fadamar, sai ƙarar motoci ta fara ja da baya, zafi ya ragu, hanci ya cika da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da danshi. Tukurwa da kwakwar manja da igiyoyin daji sun rufe sama, ruwan da ke ƙasa kuwa baƙi ne wuluk saboda ganyen da ke jiƙe a ciki. Ga wanda ya tashi a ƙasar da ake hango mai zuwa tun daga nisan zango, daji irin wannan da ba a ganin taku ashirin a gaba yana da ban tsoro da farko.

Birai su ne masu gidan, kuma sun san haka. Ƙanana ne masu farin ƙirji da doguwar wutsiya, sun saba da mutane har sun raina su, kuma duk wanda ya riƙe leda a hannu to ya yi sallama da ita. Ɗaya daga cikinsu ya sauko ya zare wa Kawu ƙullin goro daga aljihun gaban riga, ya koma kan reshe ya kwance, ya gutsura, ya tofar, ya watso mana sauran. Kawu ya ce ko ba komai ya ga wanda ya ƙi goro a ƙasar goro. Akwai kadoji a cikin fadamar, ko da yake sai mai haƙuri ke ganinsu, akwai kuma ɗawisu da ke yawo a filin bakin ƙofa, da wani tsohon kunkuru da yara ke kewayewa, da tafkunan kifi a filin da ake zama a ci abinci.

Abin da ya yi wa gandun suna dai shi ne gadar lilo da aka buɗe a 2015, mai tsawon mita 401, wadda ake cewa babu mai tsawonta a Afirka. An rataya ta ne da igiyoyin ƙarfe daga hasumiya zuwa hasumiya, faɗinta na mutum ɗaya, da raga a kowane gefe, tana hawa a hankali har ta kai mita 22.5 daga ƙasa, wato sama da kan yawancin itatuwan. Ba tsayin ne ke kaɗa hantar mutum ba, motsin ne, domin duk takun da na gabanka ya yi kai ma sai ka ji shi a gwiwarka. Kawu ya tsaya a gindin hasumiyar farko ya ɗaga kai ya duba, ya ce shi shekarunsa sun wuce a gwada Allah, ya nemi benci ya zauna. Ni na hau, kuma daga ƙololuwar ne na fahimci ƙanƙantar wurin: koren ganye a ƙarƙashina kamar an shimfiɗa darduma, sa'an nan daga iyakarsa rufin gidaje ba iyaka, can kuma wani siririn layi mai ƙyalli wanda shi ne teku. Idan aka ci gaba da bin titin zuwa gabas akwai wani ƙaramin gandun, Lufasi, wanda mai fafutukar kare muhalli Desmond Majekodunmi ya kafa, inda aka bar wasu dogayen itatuwan kurmi a tsaye. Ya fi na Lekki shiru, kuma ya fi dacewa da mai ƙananan yara.

A cikin gari kuwa lambunan gwamnati suna nan, irin su na Muri Okunola a tsibirin Victoria da na Johnson Jakande Tinubu a Alausa, masu kyau ne don a zauna a kan ciyawa, ba su wuce haka ba. Wanda ya bambanta shi ne Freedom Park da ke titin Broad a tsibirin Legas. Tsohon kurkukun Turawan mulki ne, inda aka taɓa tsare mutane irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, kuma mai zanen gine-gine Theo Lawson ya mayar da kangonsa lambu, aka buɗe shi a 2010 lokacin da Najeriya ta cika shekara hamsin da samun mulkin kai. An bar tsohuwar katangar da alamun ɗakunan fursunoni, don mai shan inuwa ya ga ƙuncin da aka zauna a cikinsa a daidai inda yake miƙe ƙafa.

Kwana biyu kafin Kawu ya koma muka yi sammako zuwa Badagry, a can yamma kusa da iyakar Seme, kuma duk da wahalar hanyar, wannan ce tafiyar da ta fi zauna mini a rai. Garin yana kwance ne a bakin wani siririn tafki, mutanensa na asali Egun ne, itatuwan kwakwa kuwa sun jeru a gaɓar har iyakar ganin ido, iska kuma ba ta tsayawa. Masu yi wa baƙi jagora sukan fara da wani gidan sama da masu wa'azin Kirista suka gina a 1845, wanda suke kira bene na farko a Najeriya. Kawu ya saurara har mai bayanin ya gama, sa'an nan ya tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa jin labarin hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano. Ni ma ra'ayina ke nan: a ce bene na farko irin ginin Turawa, sai magana ta daidaita. Kusa da nan akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne a farkon rayuwarsa kafin ya zama dillalin bayi, daga baya kuma shugaban Musulmin garin, kuma ba sai an gaya wa Bahaushe inda kalmar Seriki ta samo asali ba. A gidan akwai ɗakuna arba'in da ake tsare bayi, 'yan ƙanana, da tagar da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Badagry ba baƙon wuri ba ne a tarihinmu. Daga nan ne Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827, kuma ta nan ne baransa Richard Lander ya komo ya sami jirgin gida. Hanyar da suka bi zuwa Arewa ita ce wadda ake gangaro da mutane ta kanta zuwa gaɓa. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an sayar da Hausawa masu yawa ta tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahia ta ƙasar Birazil. Su ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807 a can, suna kuma cikin Musulmin da suka yi boren watan azumi na 1835, wanda bayansa hukuma ta sami takardu da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kama.

Ana tsallaka tafkin a kwalekwale cikin 'yan mintuna a sauka a tsibirin Gberefu, daga nan kuma a taka a ƙasa, cikin yashi mai zafi da gajerun ciyayi, har zuwa bakin tekun da ake kira wurin da ba a komowa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da masu jagora ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Kawu ya leƙa ta, bai ce komai ba, kuma daga nan har muka isa gaɓa bai sake magana ba. Ranar babu kowa sai mu da wasu masunta da ke jan koma can nesa. Babu rumfa, babu kiɗa, babu mai karɓar kuɗin kujera. Kwakwa ce a bayanmu, gabanmu kuma ruwa har inda ya haɗu da sama. Watan Disamba ne, lokacin da ruwan sama ya ɗauke kuma ɗan hazon hunturu ya rage kaifin rana, wanda shi ne lokacin da ya fi dacewa da irin wannan yawo, domin daga Afrilu zuwa Yuli hadari yana iya tasowa a kowace sa'a.

Azahar ta same mu a wurin, ruwan gorarmu kuwa ya kusa ƙarewa. Na ce, “Kawu, mu koma cikin gari mu yi alwala.” Ya ce, “Kai yaro, ba ka karanta ba ne? Ai an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Tun ina almajiri na haddace hadisin nan, yau shekara fiye da hamsin, ban taɓa samun inda zan yi aiki da shi ba.” Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya miƙa mini hularsa, ya matsa inda igiya ke ƙarewa ya tsuguna. Da ya kai ruwan bakinsa don kurkura sai ya yamutsa fuska ya furzar, ya ce ashe gishirin da ake faɗi ba ƙari aka yi ba. Muka shimfiɗa rawaninsa a inuwar kwakwa muka yi salla, sa'an nan ya juye sauran ruwan gorar a cikinsa, ya cika ta da na teku, ya ce zai kai wa almajiransa su ɗanɗana idan sun zo babin tsarki.